Tambayoyi da Amsoshi Kan Tsaftacewa da Adana Murhun Jin Ɗumi Mai Amfani da Man Bayo-itanol

Murhun jin ɗumi mai amfani da man bayo-itanol har yanzu baƙo ne a gidajenmu, kuma takardar bayanin da ke zuwa cikin kwalinsa an rubuta ta ne domin ƙasashen da ba su san ƙurar hunturu ba, ba su kuma san zafin Maris da Afrilu irin na Kaduna ba. Shi ya sa na tattara tambayoyin da mai irin wannan murhu zai fi bukatar amsarsu, na amsa su bisa yadda abin yake aiki da kuma yanayin garinmu. Duk inda takardar kamfanin da ya ƙera murhun ta gindaya sharaɗin da ya fi nawa tsauri, to maganarta za a bi.

Wane irin mai ne bayo-itanol, kuma me yake bari idan ya ƙone?

Itanol ne, wato wani nau'in barasa mai kama wuta, da ake samowa daga amfanin gona mai sukari ko sitaci. A Burazil daga rake ake yin mafi yawansa, a Amurka kuwa daga masara, ana kuma iya yin sa daga rogo ko dawa. Wanda ake sayarwa domin murhu yawanci kashi 96 cikin 100 nasa itanol ne, ragowar ruwa ne da ɗan wani sinadari mai tsananin ɗaci da ake zubawa da gangan domin kada wani ya sha. Idan ya ci da kyau, abu biyu yake fitarwa, wato tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid. Lita 1 ta man tana sakin ruwan da ya kusa cika lita 1 a matsayin tururi, tare da kabon dayoksaid kimanin kilo ɗaya da rabi. Babu toka, babu ragowar gawayi, kuma ba a yi masa bututun fitar da hayaƙi.

Tunda ba ya toka, me za a wanke?

Abu uku ne: ƙura, ɗigon man da ya bushe a gefen tanki, da baƙin hayaƙin da kan fito idan wani abu ya samu matsala. A Kaduna ƙurar ce babbar damuwa, domin lokacin da ake bukatar murhun, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da ake share falo da safe, kafin la'asar a iya rubuta suna da yatsa a kan teburi. Wannan ƙurar tana shiga bakin tanki idan an bar shi a buɗe, ta cakuɗu da man, sai wutar ta riƙa wari tana tartsatsi. Rufe murfin tanki duk lokacin da ba a amfani da shi yana rage rabin aikin wankin, yana kuma hana man bin iska. A lokacin hunturu a goge jikin murhun kullum, a yi masa cikakken wanki sau ɗaya a mako idan ana kunna shi kowane dare.

Minti nawa zan jira bayan na kashe wutar kafin in goge ko in ƙara mai?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, kuma ina roƙon mai karatu ya karanta amsarta ga duk wanda ke taɓa murhun a gidansa, musamman 'yar aiki da samarin gida. Yawancin kamfanoni suna cewa a jira aƙalla minti 15, wasu suna cewa 30. Ni shawarata ita ce a jira har sai an iya ɗora tafin hannu a kan ƙarfen tankin ba tare da an ji ɗumi ba, ko da hakan zai ɗauki awa guda.

Dalili na farko shi ne wutar itanol tana ɓuya. Idan man ya kusa ƙarewa, harshenta yana komawa shuɗi siriri a can cikin tanki, wanda da rana ko a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki ido ba ya kama shi. Mutum zai duba ya rantse ta mutu, alhali tana nan tana ci. Dalili na biyu shi ne itanol yana tafasa ne a digiri 78 a ma'aunin Salshiyos, ƙasa da ruwa, saboda haka da zarar an zuba shi a kan ƙarfe mai zafi sai ya tashi ya zama tururi nan take. Idan wannan tururin ya samu wuta, ba a tankin yake tsayawa ba, yana bin man da ake tsiyayawa har cikin jarkar da ke hannun mai zubawa, jarkar kuma ta feso wuta ga duk wanda ke zaune a gabanta. Munanan ƙunar da ake samu da irin wannan murhu galibi ta wannan hanyar suke faruwa.

Don haka kada a dogara da cewa wutar ta mutu da kanta. A ja murfin da sandar ƙarfen da aka haɗo shi da ita har ya rufe ruf, domin rashin iska ne yake kashe ta. Ba a hura ta da baki, ba a fifita ta da mafici, ba a watsa mata ruwa. Idan daren ya yi nisa kuma man ya ƙare ana tsakiyar hira, gara a ɗauko bargo da a ɗauko jarka.

Yaya ake wanke tankin man?

Bayan ya huce sarai, kuma man da ke ciki ya ƙare, a ciro shi daga mazauninsa idan irin wanda ake cirewa ne. A jiƙa tsumma mai laushi, irin tsohuwar singileti ta auduga, a ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke, a matse shi sosai, sannan a goge saman tankin da gefunansa. Idan aka duba ƙarfen da kyau za a ga siraran layuka suna tafiya ɓangare ɗaya, to hanyarsu za a bi da tsumman, ba a gitta su ba. A sake bi da tsumma mai ruwa zalla, a tsane da busasshe nan take, domin ruwan rijiya da na burtsatse kan bar farin tabo idan ya bushe da kansa.

Wurin da aka fi mantawa shi ne hanyar da murfin ke zamewa. Ƙura da busasshen mai suna taruwa a nan har murfin ya fara cijewa, murfin da ba ya rufuwa da kyau kuwa ba zai kashe wuta ba a ranar da ake bukatar ya kashe. Tsohon buroshin goge baki ya isa ya share wannan lungu. Kada a shafa masa giris ko man girki domin ya yi santsi, za su ƙone ne su daskare. A ɗaga tankin a duba kwanon da ke ƙarƙashinsa ma, wanda aka yi domin tare man da ya zube, a tabbata a bushe yake.

Zan iya sa soson ƙarfe ko toka, kamar yadda ake wanke tukunya?

A'a. Su biyun suna kankare fuskar ƙarfen, soson ƙarfe kuma yana barin ɓurɓushinsa a cikin kankarar, wanda shi ne zai fara tsatsa da zarar damina ta shigo. Haka nan kada a kusanto da ruwan bilic, domin sinadarin kulorin da ke cikinsa yana cin irin wannan ƙarfe na silba, yana yi masa ƙananan ramuka da ba sa gyaruwa. Idan tabo ya yi taurin kai, a kwaɓa bekin soda da ruwa kaɗan, a shafa, a bari na 'yan mintuna, a goge a hankali.

Akwai wani farin abu kamar auduga a cikin tankin. Shi ma ana wanke shi?

Ba a wanke shi. Wannan audugar tangaran ce, wadda ba ta ƙonewa, kuma aikinta shi ne ta tsotse man ta riƙe shi, ta yadda ko tankin ya karkata ba zai kwararo gaba ɗaya ba, wutar kuma ta riƙa ci daidai. Ba lagwani ba ce irin ta risho da ake datsewa ko a jawo ta sama. Idan aka jiƙa ta da ruwa tana daɗewa ba ta bushe ba, ruwan kuma zai surka man, sai wutar ta ƙi kamawa ko ta riƙa fashe-fashe. Shi ya sa tankin da ke da wannan auduga ba a tsoma shi a baho, ba a tara shi a famfo. Samanta kan yi ɗan duhu da yawan amfani, wannan ba laifi ba ne. Amma idan ta dunƙule, ko ta fara marmashewa, ko tana wari ko da man mai kyau ne, to lokacin sauya ta ya yi, da irin wadda kamfanin ya tanada. Wanda zai taɓa ta ya sa safar hannu da takunkumi, saboda zarenta yana sa ƙaiƙayi kuma bai dace a shaƙe shi ba. Kada a maye gurbinta da audugar katifa ko tsumma.

Bakin tankin ya koma ruwan zinare, wani wurin ma shuɗi. Ya lalace ne?

Bai lalace ba. Haka ƙarfen silba yake rinewa idan ya sha zafi, kuma launin ba ya rage masa ƙarfi.

Gilashin gaban fa?

Gilashi ne mai jure zafi, amma ba ya jure sauyin zafi na farat ɗaya, don haka jiƙaƙƙen tsumma a kan gilashi mai zafi na iya tarwatsa shi. Bayan ya huce, a fara kakkaɓe ƙurar da busasshen ƙyalle mai laushi tukuna, domin ƙurar hunturu tana da ɗan yashi-yashi, idan aka murza ta da ƙarfi sai ta zana gilashin. Sannan a gauraya ruwan khal da ruwa daidai wa daida, a fesa a jikin tsumma ba a jikin murhun ba, a goge, a tsane. Gilashin da ya tsage ko ya ɓantare a gefe a cire shi, kada a maye gurbinsa da gilashin taga.

Me ya sa murhuna yake baƙin hayaƙi da wari, alhali an ce ba ya yi?

Ɗan warin da ake ji a lokacin kunnawa da lokacin kashewa ba matsala ba ne, haka ma yadda wutar ke farawa ƙarama shuɗiya kafin ta miƙe ta yi ja bayan tankin ya ɗauki zafi. Amma kunkunniya a gilashi ko a silin alama ce ta cewa man ba ya ƙonewa gaba ɗaya, kuma dalilan ba su da yawa: ko man ba shi da kyau, ko harshen wutar yana lasar wani abu, ko iska tana kaɗa shi, ko ɗakin ya rasa iska. A fara duba duwatsu da itatuwan tangaran na ado, domin a gefen bakin tankin ake jera su, ba a kansa ba. A kashe fankar sama idan murhun yana ci. Idan an gyara waɗannan kuma baƙin bai daina ba, to man ne.

A hunturun da ya wuce na ga wani murhu a wani gida a Malali wanda gilashinsa ya yi baƙi ƙirin cikin dare biyu kacal. Maigidan ya sayo man ne a wata jarka mara rubutu daga hannun wani da ya tabbatar masa da cewa duk ɗaya ne, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Da muka ɗiga kaɗan a farin faranti muka ajiye a tsakar gida, nesa da wuta, sai ya bushe ya bar wani maiƙo mai warin kananzir. Itanol mai kyau idan ya bushe ba ya barin irin wannan maiƙo. Audugar tankin ta riga ta sha wannan haɗin, dole aka sauya ta, kuma kuɗinta ya ninka abin da aka rage a wajen sayen man. Araha dai ba ta ado.

Idan man ya yanke, zan iya zuba sifirit ko kananzir ko man tsaftace hannu?

Ko kusa. Fetur a cikin wannan tanki fashewa zai yi, kananzir zai cika ɗakin da hayaƙi ya kashe audugar, man tsaftace hannu kuma yana da kauri da turare waɗanda za su daskare a ciki. Sifirit kuwa ba a san haɗinsa ba: wani an surka shi da ruwa, wani yana ɗauke da metanol, wanda guba ne mai makantarwa. Idan babu man da aka yi domin murhun, a bar murhun a kashe.

Uwargida tana so ta ɗan jefa turaren wuta a ciki domin falo ya yi ƙamshi. Akwai laifi?

Akwai, ko da yake na fahimci abin da ya sa ake sha'awar hakan. Turaren wuta itace ne da aka dafa da sukari da man turare, kuma garwashi yake so, wanda zai turara shi a hankali. A cikin harshen wuta ƙonewa yake yi da hayaƙi, sukarin ya narke ya gangara cikin audugar ya zama baƙin danƙo wanda babu abin da ke fitar da shi. Haka humra da man turare idan an ɗiga su a cikin man. A bar wa kasko aikinsa, a kuma ajiye shi nesa da murhun da jarkar man.

Man ya zube a ƙasa lokacin da ake cikawa. Me za a yi?

Kada a kunna komai, har da makunnin fitila da ke kusa. A tsane wurin da tsumma, a bi da ruwa, a buɗe tagogi, a fitar da tsumman waje, a wanke hannu, sannan a jira warin ya gushe kafin a kawo ashana. Tururin itanol ya fi iska nauyi, yana kwanciya ne a ƙasa ya bi kan kafet, shi ya sa wanda ke tsaye bai cika jin yawansa ba. Rigar da man ya jiƙa a tuɓe ta, musamman hijabi da babbar riga masu yalwar hannu. Mazurari yana hana yawancin wannan ɓarna, kuma kada a wuce layin cikawa da aka zana a jikin tankin. Game da ko man najasa ne idan ya taɓa sutura ko dardumar salla, malamai sun yi saɓani a kan barasar da ba ta sha ba, irin ta cikin turare, don haka su za a tuntuɓa. Ta fuskar wanki dai, itanol yana narkewa cikin ruwa, ɗauraya ɗaya tana fitar da shi.

Dole ne a buɗe taga, alhali sanyi ake gudu?

Dole ne, ko da kaɗan. Duk abin da wutar ta fitar a cikin ɗakin yake zama, kuma iskar da mutane ke shaƙa ita take ci. Idan iskar ta yi ƙaranci sai ta fara fitar da kabon monoksaid, gubar nan mara wari da ke halaka masu shigar da gawayi ko janareta ɗaki su rufe ƙofa. A shekarar 2014 cibiyar bincike ta Fraunhofer da ke Jamus ta bayyana sakamakon gwajin da ta yi wa irin wannan murhu, inda ta samu iska masu cutarwa, ciki har da fomaldihaid, suna taruwa a ɗaki. Saboda haka falo mai faɗi ya dace da shi, ba ɗakin kwana ba, ba a kuma yin barci a bar shi yana ci. Labule, kujera da shanyar kayan jarirai su kasance nesa da shi da aƙalla mita 1.

Ina ya kamata a ajiye jarkar man?

Tururin itanol yana iya kama wuta tun daga kusan digiri 13, a Kaduna kuwa kusan duk shekara muna sama da haka, a bazara ma zafin kan haura digiri 35. Ma'ana, babu ranar da wannan jarka ba ta shirye take ta kama ba. A bar man a mazubinsa na asali mai rubutu, a ɗaure murfin tam, a ajiye a inuwa, a wurin da ake kullewa, ba a kicin kusa da tukunyar gas ba, ba a ɗakin janareta ba, ba kuma a but ɗin mota ba. Kada a taɓa juye shi a gorar ruwa, domin kamarsa ɗaya da ruwa a idon yaro. Ɗaure murfin yana da wani amfanin: itanol yana janyo laima daga iska, jarkar da aka bari sako-sako ta kwana damina za ta wayi hunturu da man da ya yi rauni.

Idan sanyi ya wuce, yaya zan adana murhun har baɗi?

Murhun zai yi wata 8 ko 9 a ajiye, don haka ranar ajiyar ta cancanci a ba ta lokaci. A bar ragowar man ya ƙone har ƙarshe maimakon a tsiyaye shi, a bar tankin ya kwana ya huce, a yi masa cikakken wanki, a tabbata ya bushe ƙayau, a rufe murfin, a lulluɓe shi da zanen auduga. Leda tana tara gumi da damina, gumin kuma shi ke kawo tsatsa. Kafin kunnawar farko a shekara mai zuwa a haska ciki da tocila, domin zanzaro yana son gina ɗakinsa na laka a irin wannan lungu, gizo-gizo da kyankyaso ma ba a bar su a baya ba. Murhu mai rimot, wanda ke da famfon tura mai da na'urorin lura da zafi, a cire masa batir, a zare shi daga soket, a lokacin amfani kuma a haɗa shi da sitabilaiza saboda hawa da saukar wutar lantarki. Cikinsa ba na mai gida ba ne, kada a kwance shi.

Tankin yana yoyo. Zan iya kai shi Panteka a yi masa walda?

Masu sana'ar Panteka za su iya ƙera wa murhun ƙafa ko mazauni ko sabuwar sandar jan murfi, su yi da kyau. Amma tankin da ya huje ko ya tsage a wajen haɗi ba na faci ba ne, saboda kullum yana buɗewa da zafi yana tsukewa da sanyi, facin kuma zai sake buɗewa ne a lokacin da yake cike da mai yana ci. Alamomin yoyo su ne danshi a kwanon ƙasa, warin mai alhali murfi yana rufe, ko harshen wuta yana leƙowa ta gefen da ba bakin tanki ba. Da an ga ɗaya daga ciki a daina kunnawa, a nemi sabon tanki daidai da girman murhun, zai fi kyau wanda ke ɗauke da lambar ƙa'idar Turai ta EN 16647.

Idan tsautsayi ya gitta wuta ta kama fa?

Bargon kashe wuta da abin kashe gobara mai hoda su kasance a falon, a inda hannu zai kai ba tare da an ratsa ta gaban murhun ba. Ƙaramar wuta a lulluɓe ta, kada a sheƙa mata bokitin ruwa, domin zai iya kora man mai ci zuwa ƙarƙashin kujeru. Idan ta fi ƙarfin bargo, a fitar da kowa, a ja ƙofa, a kira 'yan kwana-kwana. Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi. Wurin ƙunar a tara shi a ruwan famfo mai sanyi na tsawon minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta, kada a shafa ɗanyen ƙwai ko man goge baki ko manja. Ƙunar da ta shafi fuska ko hannu, ko ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta samu ƙaramin yaro, a wuce da ita asibiti kai tsaye, kamar Asibitin Koyarwa na Barau Dikko ko wanda ya fi kusa.